Lasifika da Tsofaffi Arba'in

A unguwarmu an yi wani mutum da kowa ke kira Lasifika. Ba shi ne sunan da iyayensa suka sa masa ba, amma ya bi shi har ya shafe na ainihin, ko matarsa in ranta ya ɓaci da shi take kiransa. Shekara talatin da ɗaya ya yi a babbar tashar mota, zaune cikin wani ɗan ɗaki na gilashi, makirfo manne da leɓensa, yana sanar da matafiya motar da za ta tashi da wanda ya mance jakarsa a kan benci. Ranar da ya yi ritaya aka karɓi kujera, aka karɓi ɗakin gilashi, amma makirfon kam, ya ce da shi za a binne shi. Ya naɗe wayarsa ya cusa a aljihu ya taho gida. Muryar ma ba ta yi ritaya ba. In ya ce a miƙo masa ruwa, sai maƙwabta gida uku sun san yana jin ƙishi.

Gida kuwa ba a shirya wa zamansa ba. Matarsa tela ce, tun da daɗewa falon ya zama shagonta: keken ɗinki biyu, teburin yanka, yadudduka a kan kowace kujera, mata na shigowa awo tun safe. In ya zauna nan a ce ya danne rigar mutane, in ya koma can a ce ya ɗan fita za a gwada wata. Ya koma wurin mai shayi, kwana huɗu mai shayi ya ce masu saye sun koma sha a tsaye suna gudu. Ya koma shagon mai aski, ya yi dariya sau ɗaya, mai aski ya firgita ya yanki kunnen mutum. Abin da Lasifika ke nema a duniya bai wuce kujera ɗaya da zai tashi da safe ya nufa ba, a ce tasa ce.

Ana haka sai Malamar da ke kula da ɗakin karatu na unguwa ta liƙa takarda a ƙofa. Tana neman 'yan sa-kai da za su bi tsofaffin unguwa gida-gida, su ɗauki labarin rayuwarsu a na'ura, da sana'o'insu da yadda aka yi zaman da, tun kafin su tafi da shi. Babu albashi. Amma an ware wani ɗan ɗaki a bayan kantocin littattafai inda za a adana muryoyin, kuma wanda aikinsa ya fi kyau cikin mako biyu shi za a ba makulli, ya riƙa buɗewa kullum yana kunna wa masu zuwa sauraro.

Lasifika ya leƙa ɗakin. Ga tebur, ga fanka, ga taga mai kallon titi, ga kujera mai juyawa. Ya zauna ya juya sau ɗaya, ya ji idonsa ya ciko.

"Malama, ki ba ni makullin yanzu, mu rage wa mutane wahala."

"Sai an ji aiki tukuna, Malam."

Mutum biyar suka amsa kiran. Cikinsu har da mai gadin makarantar firamare, wani dogon mutum wanda in ka gaishe shi sai ka sha kwana kafin amsar ta iso ka. Malama ta raba musu na'urori, kowace ba ta fi tafin hannu ba, ta yi musu bayani.

"Ku ajiye ta tsakaninku da mai magana. Ku yi tambaya ɗaya, ku kama bakinku. In tsoho ya yi shiru, ba gamawa ya yi ba, tunowa yake, ku jira shi. Mutum biyu ko uku sun ishi kowa."

"Biyu ko uku?" in ji Lasifika. "Malama, ni da ke sallamar mota ɗari da ashirin kafin la'asar? Arba'in zan kawo miki. Rubuta."

"Ba yawa ake nema ba."

"Ke dai rubuta. Kai mai gadi, nawa za ka yi?"

Mai gadi ya dubi na'urar da ke hannunsa, ya yi dogon tunani. "Biyu," ya ce. "In na iya."

Lasifika ya dafa kafaɗarsa. "Ranar da ka zo ɗakina sauraro, ba zan sa ka bin layi ba."

Da ya koma gida ya juya na'urar, ya ga wani ɗan rami a gefenta, ya gwada bakin wayar makirfonsa, sai ga shi ya shiga ɗas. Shi kuwa wannan makirfo don tasha aka ƙera shi. Ba ya jin komai sai bakin da ke manne da shi. Tirela na iya danna oda a gefensa bai san ana yi ba, shi ya sa ya daɗe yana aiki cikin hayaniya. Kuma da zarar an soka shi, na'urar ta daina ji da kunnenta, sai da nasa.

Matarsa ta ɗago kai daga keke. "Maigida, Malamar ce ta ce ka haɗa wannan tsohon abin?"

"Malama littafi ta sani. Sauti kuwa gidana ne."

"Da dai ka tambaye ta."

"Ke in za ki yanka wuyan riga, ni kike tambaya?"

"Ni ban taɓa ɗinka riga da allurar buhu ba," ta ce, ta ci gaba da taka kekenta.

Ya fara da Baba mai gyaran agogo, wanda ya haura tamanin, shagonsa bai fi akwatin sa kaya girma ba. Baba yana magana ne yadda yake aiki, ya ɗauko kalma ɗaya a hankali, ya duba ta, sannan ya ajiye. Lasifika ya zauna a bakin shagon, ya danna maɓalli, hannunsa ya kai makirfo bakinsa inda ya saba kai shi.

"Jama'a masu sauraro, barkanku da war haka. Ga mu a shagon Baba mai agogo. Baba, a ina ka koyi wannan sana'a?"

Baba ya cire gilashin da ke idonsa, ya goge shi da bakin riga. "To," ya ce. "A shekarar da aka..." Sai ya yi shiru yana duban rufi.

A tasha, shiru na nufin waya ta tsinke. Lasifika ya ƙanƙame makirfo. Ya ƙirga ɗaya, ya ƙirga biyu, bai kai uku ba.

"A shekarar da aka yi babban ruwa, ko? Na sani. Ai ni ruwan nan a bakin aiki ya same ni." Nan ya ɗauko labarin ranar da ruwan sama ya cika tasha, fasinjoji suka ruɗe, shi kaɗai ya tsaya a kan makirfo yana nuna musu hanya, ruwa har idon sawunsa.

"Ba ita ba," in ji Baba da ya sami ɗan gurbi. "Lokacin ba a haife ka ba."

"To wajen mahaifinka ka koya ke nan. Jama'a, Baba ya ce gado ya yi."

"Mahaifina da inuwa yake duba lokaci."

"Allah sarki. Kun ji dai, jama'a, daga inuwa aka faro."

Baba ya dube shi, ya girgiza kai, amma tunda an taɓo abin da ke ransa ya ci gaba. Ya daɗe yana magana ƙasa-ƙasa, har muryarsa ta ɗan yi rawa a wani wuri. Lasifika na gyaɗa kai, makirfo a leɓensa, yana cewa "Uhum" da "Ikon Allah," idonsa kuwa na kan agogunan bango. Minti ashirin na cika ya kashe. Da ya fito titi ya kunna don ya gwada. Muryarsa ta fito tas, ba ƙara ba shaƙewa. Ya saurari gaisuwar har ƙarshe, ya yi murmushi, ya kashe.

Washegari ya je wurin Iya ungozoma, wadda rabin unguwa a hannunta suka faɗo a tsohon asibiti, har da shi kansa. Ya same ta a tsakar gida, surukanta biyu na shanya a bayanta.

"Iya, gaya wa jama'a haihuwa mafi wuya da kika taɓa karɓa."

"Taka."

"Iya, ta wani muke so."

"Ai taka ce. Kwana biyu uwarka na fama ka ƙi fitowa. Da ka fito kuwa, ban ko taɓa ka ba ka wangale baki. Likita ya leƙo daga can wani ɗaki ya ce wa ya tayar da inji."

Surukan suka ɓoye fuska a bayan zannuwan shanya.

"Miƙo abin nan in faɗa da kyau," in ji Iya tana miƙa hannu, "har da fitsarin kwance da ka yi ta yi sai da ka shiga aji huɗu."

Lasifika ya rungume makirfo a ƙirji. "Iya, ba a taɓa kayan aiki."

"Ni da na riƙe ka ko wando babu?"

"Jama'a, Iya ta tabbatar tun ina jariri aka ga alamar baiwa. Wannan baiwa kuwa ita ta ceci mutane ranar babban ruwa." A tsakar gidan Iya ruwan ya kai gwiwa.

Kafin mako ya fita tsofaffin unguwa sun gane muryarsa tun daga farkon layi. Da an jiyo shi sai a rufe ƙofa. Wani tsoho ma da kansa ya amsa sallama daga ɗaki ya ce ya yi tafiya. Kwana tara, mutum bakwai kacal ya samu.

Yana dawowa daga wani gidan da aka hana shi shiga, ya hangi mai gadi zaune a gindin bishiya tare da wata tsohuwa mai wanki da guga, na'ura a kan dutse tsakaninsu, dukansu shiru. Lasifika ya matso ya yi raɗa, irin raɗarsa da ake ji a tsallaken titi.

"Ta lalace ne?"

"Tunowa take," in ji mai gadi.

"Kwana nawa kuna nan?"

"Uku."

Lasifika ya wuce yana jin tausayinsa.

A ranar dabara ta zo masa. Tunda fasinja ba a bin sa gida, me zai sa a bi tsoho? Ya je tasha ya ari tsohon ƙahon sanarwa da batir, ya ɗaure a kan baro, ya tura shi layi-layi.

"Sanarwa, sanarwa. Duk wanda ya haura saba'in, mace ko namiji, ya hallara a harabar makaranta gobe ƙarfe tara. Kowa ya zo da ƙafarsa, ba a aike. Gurbi kaɗan ne, wanda ya makara an tafi an bar shi."

Bai faɗi dalili ba, don a tasha ba a gaya wa mutum abin da zai kai shi tafiya. Mutane suka cike gurbin da kansu. Kafin magariba magana ta zauna a kan za a duba ido kyauta a raba tabarau.

Da safe tsofaffi sama da hamsin suka cika haraba, wasu da sanduna, wasu an riƙo su. Lasifika ya fito da bencinan 'yan aji ɗaya ya jera a rana, ya raba lamba, ya ce kowa minti uku. Tsofaffi suka zauna gwiwoyinsu na taɓa haɓa.

"Lamba ta takwas, matso. Saura talatin da biyu mu tashi."

Wata tsohuwa ta matso ta buɗe masa ido da yatsu. "Na hagun ne ya fi damuna."

"Iya, ba ido muke dubawa ba."

"To me za a ba mu?"

"Ku za ku ba mu. Tarihi."

"Wato a rana ka shanya mu don mu ba ka?"

"Jama'a, Iya ta ce a zamaninsu rana ba ta da zafi haka. Lamba ta tara."

Haka aka yi ta tafiya. Mutum ya zauna, ya buɗe baki, kafin ya haɗiye yawu an kira na gaba. Da Lasifika ya ga rana na yi, sai ya ce a riƙa zuwa bibbiyu. Biyun ƙarshe da suka faɗo tare kuwa tsohon direba ne da tsohon makanike, waɗanda shekara hamsin ba su gaisa ba, tun ranar da wata babbar mota ta gangara kogi da buhunan siminti. Duk unguwa ta san ba a haɗa su ko a layin asibiti. Lasifika ya zaunar da su kafaɗa da kafaɗa.

"Kawu direba, wace rana ce ba za ka manta ba?"

"Ranar da wani jahili ya ɗaure mini birki da wayar shanya."

"Ni kuwa," in ji makanike yana kallon gabansa, "ranar da wani ya yi barci a kan sitiyari da rana tsaka, har da minshari."

"Wa ya yi barci?"

"Wanda aka tsamo daga ruwa yana tambayar ko an iso."

Sanduna suka tashi. Kowannensu hannu ɗaya na riƙe da ƙugu, ɗayan na kai duka, yawanci iska ke sha. Lasifika maimakon ya raba, sai jininsa na aiki ya motsa. "Jama'a, Kawu direba ya kai ta sama, Baba makanike ya kauce, a'a, bai kauce ba." Sanda ta uku ta tafi da hularsa. Wani tsoho mai jiki da ke ƙarshen benci ya miƙe don ya ga faɗa, bencin ya ɗaga, tsofaffi mata uku suka zame a jere suka sauka a ƙasa kamar an zuba su. Kafin a ɗaga su 'ya'ya da jikoki sun fara isowa, kowa ya kama nasa, kowa kuma ya tsaya ya gaya wa Lasifika abin da ke ransa kafin ya wuce. Shugaban makaranta ya fito ya nuna masa ƙofa.

A bakin ƙofar ya duba na'ura. Arba'in cif.

Da yamma matarsa ta tare shi da almakashi a hannu. "Mata biyu sun zo sun kwashe yadinsu. Uwarsu ce ta tsakiya a bencin nan."

"Za su dawo. In na karɓi makulli, har layi za su bi su ji muryar uwarsu."

"Kai ka ji ta?"

"Na duba sauti. Tas."

Malama ta aiko ya kawo na'urar ta saurara kafin ranar taro. Ya aika mata cewa yana kan rubuta sunaye, kuma aikin gwani ba ya bukatar duba.

Ranar Asabar da hantsi zauren ɗakin karatu ya cika. Tsofaffi a sahun gaba, direba a wannan bango, makanike a wancan, iyalai a baya, mai shayi da mai aski a bakin ƙofa. Makulli na kan tebur, an ɗaura masa jan zare. Lasifika ya zo da sabuwar hula, ya zauna inda hannunsa zai kai teburin ba tare da ya miƙe ba.

Aka kunna na sauran, aka tafa. Aka zo kan na mai gadi. Muryarsa ta fito sau ɗaya: "Iya, yaya aka yi kika fara wanki?" Sai shiru. Shirun ya yi tsawo har Lasifika ya juya ya ce wa na bayansa batir ne. Sannan muryar tsohuwar ta fito. Ta faɗi yadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar da dutsen guga ɗaya na gawayi, yadda take kai shi kusa da kumatu ta gane zafinsa. Ta ce daga wanki take sanin gidan da ake ciwo da gidan da maigida ya rasa aiki, tun kafin maƙwabta su sani, kuma shekara arba'in ba ta taɓa gaya wa kowa ba. 'Yarta da ke baya ta rufe fuska da mayafi. Da aka kashe, zauren ya ɗan jima kafin a tafa.

"Ba laifi," in ji Lasifika. "Sauti dai ya yi ƙasa. Malama, sa nawa, ki ƙara murya."

Malama ta haɗa na'urarsa da amsa-kuwwar zauren, ta danna.

"Jama'a masu sauraro, barkanku da war haka."

Gilasan taga suka yi kaɗawa. Malama ta yi maza ta rage. Aka ji tambaya, aka ji wani ɗan zuuu kamar sauro a ɗaki na uku, sannan muryar Lasifika ta dawo da labarin babban ruwa. Daga nan sai "Uhum," shiru, "Ikon Allah," shiru, "Uhum."

"Ina Baba?" wani ya tambaya daga baya.

"Yana ciki," in ji Lasifika. "Ku kasa kunne."

Aka kasa kunne. Sauron ya yi zuuu.

Malama ta tsallaka zuwa na biyu. Lasifika ne, ruwa a gwiwa. Ta tsallaka na shida, Lasifika ne, ruwa a cinya.

"Ɗazu a idon sawu yake," in ji mai shayi.

"Ruwa ai ƙaruwa yake," in ji Lasifika.

A na goma sha biyar ruwan ya kai ƙirji, kuma ga wata tsohuwa goye a bayansa. A na ashirin da bakwai ya kai wuya, ya ɗaga makirfo sama da hannu ɗaya don kada ya jiƙe.

"In makirfo na sama baki na ƙasa, da me kake sanarwar?" in ji mai shayi.

"Malama," in ji mai aski, "don Allah tsallaka zuwa na arba'in mu ga ko ya nutse."

Zaure ya kece da dariya. Tsohon direba ya buga sanda a ƙasa. "Ina cikin tashar a ranar nan. Ruwa bai haye dakali ba. Wannan yaron a kan tebur yake tsaye, yana roƙo a makirfo a miƙo masa takalminsa."

"Gaskiya ne," in ji makanike daga ɗaya bangon. "Ni na miƙa masa."

Suka dubi juna, kowa ya yi mamakin kansa, suka kau da kai.

Lasifika ya miƙe. "Laifin na'ura ne. Ba ta da ƙarfi, shi ya sa ma na taimaka mata." Ya zaro makirfo daga aljihu ya ɗaga. "Ba don wannan ba, ko ni ba za ku ji ba."

Malama ta karɓa, ta juya shi, ta soka a amsa-kuwwa. Ta riƙe shi nesa kaɗan ta yi magana, ba a ji komai ba. Ta kai shi leɓe ta ce "To," zauren ya amsa. Ta dubi Lasifika. "Ka taɓa miƙa wa wani shi?"

"Malama, ba a taɓa kayan aiki."

Sai Baba mai agogo ya yunƙura ya miƙe. "Yaro," ya ce, ya yi shiru. Kowa ya jira. "Abin da na gaya maka ranar nan..." Ya sake yin shiru. Bakin Lasifika ya fara buɗewa.

"Lasifika," in ji matarsa daga sahun baya. Bakin ya rufe.

"...ko 'ya'yana ban gaya wa ba," in ji Baba. "Na ɗauka na ajiye shi ke nan." Ya koma ya zauna.

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Lasifika ya dubi hularsa, ya ga tana kansa, ya rasa abin da zai duba.

Iya ungozoma ce ta taso, ta karɓi makirfo daga hannun Malama, ta manna shi a baki.

"Sanarwa. An tsinci wani yaro ɗan shekara sittin da uku, ya ɓata wa tsofaffi arba'in yawu. Mai shi ta zo ta ɗauka."

"A bar shi a ofis," in ji matarsa. "Ina da ɗinki."

Sai da aka tsagaita sannan Malama ta ɗauki makulli ta miƙa wa mai gadi. Ya karɓa da hannu biyu, ya buɗe baki kamar zai yi jawabi, ya fasa.

"To mu fa?" in ji tsohuwar mai ciwon idon hagu. "Namu ya tafi ke nan?"

Malama ta ce za a sake, ɗaya bayan ɗaya, a ɗakin muryoyi, mai gadi ne zai yi tambaya. Aka ce wa zai riƙa kawo su, tunda wasu ba sa iya tafiya su kaɗai? Iya ta nuna da makirfo. "Wanda ya iya tara mu a rana, ya iya riƙo mu zuwa inuwa."

Haka aka yi. Tun daga ranar Litinin, kullum ƙarfe takwas Lasifika zai je gidan tsoho ɗaya, ya ba da haƙuri a ƙofa, ya riƙo hannunsa har ɗakin karatu. Mai gadi ya buɗe, tsoho ya shiga, a rufe. Shi kuwa ya zauna a wani ɗan benci a bakin ƙofar, sandar tsohon a kan cinyarsa, saitin kansa kuma allon nan na ɗakin karatu da ke cewa a yi shiru. Baba mai agogo shi kaɗai ya ci kwana huɗu. Lasifika ya gaya wa mai shayi cewa girma aka ƙara masa, don ko mai makullin ba ya ganin kowa sai wanda shi ya kawo.

Bayan wata guda da rabi matarsa ta haɗu da mai gadi a hanya. Ta gaishe shi, ta tsaya har amsar ta iso.

"Malam, tsofaffi nawa suka rage?"

Ya ƙirga a yatsu. "Goma sha ɗaya."

"In sun ƙare fa?"

"Shi ke nan. Sai ya huta a gida."

Ta gyara ƙullin yadin da ke kanta.

"Ka san unguwar nan ta bayan gada?" ta ce. "Cike take da tsofaffi. Kuma da nisa."